Gautsin ƙashi: cutar da ba ta yin sallama sai da karaya

Wanda ya hau mota a Ojota ya bi titin Ikorodu ya nufi cikin Legas, idan ya wuce Maryland da Anthony da Onipanu, zai iske Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Igbobi. Asibitin ya samo asali ne a shekarun 1940, a matsayin wurin jinyar sojojin da suka dawo da raunuka daga Yaƙin Duniya na Biyu, kuma shi da takwaransa na Dala a Kano, wanda aka kafa a 1959, da na Enugu, su ne tsofaffin asibitocin ƙashi na gwamnatin tarayya. A tunanin mafi yawan Hausawan Legas, Igbobi wurin waɗanda suka yi hatsari ne: ɗan acaɓa da mota ta buge, ko birkilan da ya faɗo daga bene.

Akwai wani rukunin masu karaya da ba a cika lissafawa da su ba, domin babu mota ko babur a labarinsu. Dattijuwa ce ta zame a bakin famfo ta dafa ƙasa, wuyan hannunta ya karye. Dattijo ne ya yi tuntuɓe a bakin kwata da dare, ya kasa tashi. Iyali sukan ɗauki abin a matsayin tsautsayi, a kira mai ɗori, a ɗaure, a jira. Likitoci kuwa suna da wata tambaya da suke so a riƙa yi a irin wannan hali: me ya sa faɗuwar da yaro zai yi ya tashi ya karkaɗe jikinsa ta karya ƙashin babba? A mafi yawan lokuta amsar ita ce gautsin ƙashi, cutar da a likitance ake kira ostiyoforosis.

Yadda ƙashi ke rayuwa

Mutane da dama suna kallon ƙashi kamar busasshen ice da aka kafa a cikin jiki. Ba haka yake ba. Ƙasusuwa 206 da ke jikin baligi rayayyu ne, jini yana ratsa su, kuma kullum a cikin rushewa da gini suke. Akwai ƙwayoyin halitta masu kankare tsohon ƙashi, akwai masu zuba sabo a gurbinsa, ta yadda a cikin kimanin shekara 10 kusan an sabunta ƙashin jikin mutum gaba ɗaya. Kayan ginin kuwa su ne furotin da sinadarin kalsiyam da fosfaras. Kusan kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki yana ajiye ne a ƙashi da haƙora, amma zuciya da jijiyoyi da tsoka ba sa aiki sai da ragowar ɗan abin da ke yawo a jini. Idan abinci bai kawo isasshe ba, jiki ba ya jira, a ƙashi yake ɗiba.

A ƙuruciya masu gini sun fi masu rushewa ƙarfi, ƙashi yana ta ƙara kauri har zuwa wajen shekara 30. Wannan shi ne lokacin kaka, kuma abin da aka zuba a rumbu a waɗannan shekaru shi za a ci har ƙarshen rayuwa. Daga nan sai ma'auni ya fara karkata a hankali. Ga mata, karkatar tana zama gangara a lokacin da al'ada ta ɗauke, domin sinadarin estirojin da ke taka wa masu rushewa birki yana raguwa sosai. A shekarun farko bayan ɗaukewar al'ada mace tana iya rasa kimanin kashi 2 cikin 100 na ƙashinta a kowace shekara. Namiji ma yana rasawa, sai dai nasa a hankali yake tafiya, kuma tun farko rumbunsa ya fi girma.

Cikin lafiyayyen ƙashi yana kama da saƙar zuma, ramuka ƙanana da bango mai ƙwari a tsakaninsu. Idan gautsi ya shiga, ramukan suna faɗaɗa, bangon yana sirancewa har ya tsinke. Daga waje babu abin da ya sauya. Kamar azarar da gara ta cinye daga ciki ce, tana nan a kan ɗaki, ba wanda ya san halin da take ciki sai ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi.

A nan ya kamata a raba wasu abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Ciwon gwiwa da na gaɓoɓi da tsofaffi ke kuka da shi, wanda ake kira sanyin ƙashi ko amosanin gaɓɓai, cuta ce ta mahaɗar ƙasusuwa, kuma tana sanar da kanta da zogi da kumburi. Gautsin ƙashi ba ya ciwo. Mutum yana iya ɗauke da shi shekara 15 yana zuwa kasuwa yana dawowa lafiya lau. Saboda haka wanda gwiwarsa ke damunsa ba lallai ne yana da gautsi ba, wanda kuma ba ya jin ciwon komai ba shi da tabbacin ya tsira.

Inda yake karyawa

Wurare uku cutar ta fi kai wa hari: wuyan hannu, ƙashin baya da ƙugu. Karayar wuyan hannu ita ce takan fara zuwa, tun mace tana da shekara 50 da 'yan kai, da sauran ƙarfinta, domin idan ta zame da hannu take tare ƙasa. Tana warkewa a cikin makonni, a manta da ita, alhali ita ce gargaɗin farko.

Ta ƙashin baya ta fi ɓoyuwa. Ƙasusuwan gadon baya ba tsinkewa suke yi gida biyu ba, lotsawa suke yi kamar tubalin da aka ɗora wa kaya fiye da ƙarfinsa. Wani lokaci ɗaga bokitin ruwa ko tari mai ƙarfi ya isa. Kimanin biyu cikin uku na irin wannan karaya ba sa zuwa gaban likita, ana ɗaukarsu ciwon baya ne na tsufa. Idan suka taru sai tsawon mutum ya ragu, bayansa ya ranƙwafa. Dattijuwar da jikokinta suka lura zanenta ya fara jan ƙasa, ko ba ta iya kai hannu inda ta saba rataye kaya, ta cancanci a auna ta. Raguwar tsawo da ta kai santimita 4 alama ce da likitoci ba sa wasa da ita.

Ta ƙugu ita ce mai kisa. Abin da ke karyewa shi ne wuyan ƙashin cinya, can ciki inda ya shiga kwatangwalo. Alƙaluman Gidauniyar Yaƙi da Gautsin Ƙashi ta Duniya, mai hedikwata a Suwizalan, sun nuna cewa kimanin mutum ɗaya cikin biyar da suka yi wannan karaya ba sa cika shekara a raye, kuma da yawa daga waɗanda suka rayu ba sa komawa tafiya da ƙafarsu kamar da. Ba ƙashin ne ke kashewa kai tsaye ba, kwanciya ce: gyambon kwanciya, ciwon huhu, daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Shi ya sa ƙa'idar da likitocin ƙashi ke bi ita ce a yi aiki cikin kwana ɗaya ko biyu, a tayar da majinyaci ya fara takawa da wuri.

Wannan ya kawo maganar masu ɗori. Ɗori sana'a ce mai tarihi a ƙasar Hausa, ana gadonta, kuma a Agege ko Mile 12 mai ɗori ya fi asibiti kusa, ya fi sauƙin kuɗi, yana jin harshen majinyaci. Ba sabon abu ba ne ma a ɗauki tsoho a mota a yi tafiyar kusan kilomita 1,000 da shi zuwa gida domin a kai shi wurin maɗorin da iyali suka yarda da shi. Sai dai akwai iyakar da kara da tsumma ba sa wucewa. Wuyan ƙashin cinya yana binne a ƙarƙashin tsoka mai kauri, babu ɗaurin da zai riƙe shi daga waje, kuma jinin da ke ciyar da kan ƙashin yakan yanke tare da karayar. Ɗaurin da ya matse ƙwarai a hannu ko ƙafa kuma yana iya tsayar da jini har gaɓar ta ruɓe, abin da likitocin ƙashi a Najeriya suka daɗe suna rubutu a kansa. Ko da ɗorin ya yi kyau, ƙashi ɗaya ya gyara, sauran 205 suna nan da gautsinsu.

Tatsuniyar cewa ba ta kama baƙar fata

Gidauniyar ta duniya ta ƙiyasta cewa mace ɗaya cikin uku da namiji ɗaya cikin biyar waɗanda suka haura shekara 50 za su yi karayar da gautsin ƙashi ya jawo. An daɗe ana ɗaukar cewa wannan lissafi na Turawa ne da mutanen Asiya. Dalilin shi ne binciken da aka yi a Amurka ya nuna baƙaƙen fatar can sun fi fararen kaurin ƙashi, kuma ba su kai su yawan karaya ba. Amma abin da Ba'amurke yake ci ba shi ne abin da mai dako a Mile 12 yake ci ba, kuma ƙarancin rahoton karaya a ƙasar da mafi yawan masu karaya ba sa zuwa asibiti ba hujja ba ce ta ƙarancin karayar. Da can ma mutane ƙalilan ne ke kai shekarun da cutar ke bayyana. Yanzu adadin tsofaffi yana ƙaruwa.

Hujja mafi ƙarfi a kan halin da ƙashin 'yan Najeriya yake ciki ta fito ne daga yara. A 1999 wata fitacciyar mujallar likitoci ta Amurka ta buga binciken da Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa suka yi a Jos a kan yara masu lanƙwasassun ƙafafu, gwame da makamantansa. A ƙasashen sanyi rashin bitamin D ne ke jawo wannan matsala. A Jos, inda rana ba ta yanke ba, an gano cewa yaran suna samun kimanin miligiram 200 ne kawai na kalsiyam a rana, kuma waɗanda aka ba kalsiyam sun fi waɗanda aka ba bitamin D kaɗai warkewa. Daga baya masu binciken suka gwada garin busasshen kifi da aka niƙa da ƙashinsa, shi ma ya yi aiki. Yaron da ya tashi a kan irin wannan abinci, ko ƙafarsa ba ta lanƙwashe ba, da rumbu rabi zai shiga shekara 30.

Abin da ke cikin tukunya

Ma'aunin da hukumomin lafiya na Amurka suka fitar, wanda likitoci da yawa ke aiki da shi, shi ne miligiram 1,000 na kalsiyam a rana ga baligi, 1,200 ga macen da ta wuce shekara 50, sannan 1,300 ga matasa masu tasowa. Kofi ɗaya na madara ko kindirmo yana ba da kusan 300. A Arewa fura da nono suna cike wani ɓangare na wannan gurbi ba tare da an yi lissafi ba. A Legas nono mai kyau ya fi wuyar samu, madarar gwangwani ta yi tsada, abincin yau da kullum ya koma shinkafa da burodi da taliya da garin rogo, waɗanda ke cika ciki amma ba su da abin da za su ba ƙashi.

Duk da haka kasuwar Mile 12, da ke 'yar tazara kaɗan daga Ojota, cike take da abin da ake nema. Kuka da zogale da rama da lalo, wanda Yarbawa ke kira ewedu, duk suna da kalsiyam. Haka riɗi, musamman wanda ba a cire wa ɓawo ba, da wake da waken suya, da tamba wadda ta fi sauran hatsi nesa ba kusa ba a wannan fanni. Ƙananan busassun kifi da jatan lande da ake dakawa gaba ɗaya a zuba a miya suna cikin mafi arha kuma mafi amfani, domin da ƙashinsu da ɓawonsu ake ci. Akwai kuma cukun madarar shanu da ake kira wara a ƙasar Yarbawa. Jiƙa hatsi da barinsa ya yi tsami, kamar yadda ake yi wa kamu, yana rage wani sinadari da ke hana hanji tsotse kalsiyam.

Akwai abubuwan da ake zaton suna gina ƙashi alhali ba haka ba ne. Romon ƙashi da farfesun ƙafar saniya, waɗanda ake dafa wa mai karaya da kyakkyawar niyya, kalsiyam ɗin da ke cikinsu kaɗan ne ƙwarai, domin tafasa ba ta narkar da shi daga ƙashi zuwa ruwa. Kanwa ma, duk da kamanninta da dutse, gishirin sodiyam ne ya fi yawa a cikinta. Yawan gishiri da sinadaran ɗanɗano kuwa yana sa ƙoda ta zubar da kalsiyam a fitsari.

Kalsiyam ba ya shiga jini yadda ya kamata sai da bitamin D, wanda fata ke haɗawa idan rana ta taɓa ta. Ana zaton wannan ba matsalar Afirka ba ce, amma wani nazari da aka buga a 2020, wanda ya tattara bincike daga sassan nahiyar, ya gano cewa kimanin mutum ɗaya cikin uku ba shi da isasshe, kuma mazauna birane sun fi na karkara fama da ƙarancin. Baƙar fata tana bukatar rana fiye da fara kafin ta haɗa adadi ɗaya. Matar da ke wuni a ɗakin haya mai ƙaramar taga, a gidan da benaye suka kewaye, tana iya yin mako rana ba ta sauka a hannunta ba. Zaman minti 15 zuwa 30 a tsakar gida, hannuwa da ƙafafu a buɗe, sau da yawa a mako, yana taimakawa.

Game da haihuwa, mai shayarwa tana rasa wani ɓangare na ƙashinta domin daga nan ake ɗibar kalsiyam ɗin nono, amma jiki yana mayar da shi bayan yaye. Abin da ya fi damun masana shi ne yarinyar da ta fara haihuwa tun ita kanta ba ta gama gina nata ƙashin ba, kuma abincinta bai wadata ba.

Ƙwayoyin da ke cin ƙashi

Babban abin da ke jawo gautsin ƙashi tun kafin tsufa yana cikin leda ne a shagunan magani da farantan masu talla. Magungunan da ake kira sitiroyid, irin su Prednisolone da Dexamethasone, suna ceton rai idan likita ya rubuta su ga mai asma ko wata cuta mai kumburi. Amma ana sayar da su barkatai: a cikin haɗin ƙwayoyin ciwon jiki da ake ƙulla wa leburori da tsofaffi, da kuma a matsayin maganin ƙiba ga 'yan mata. Suna kashe zogin gwiwa nan take, shi ya sa tsoho yake komawa ya ƙara saye. A ɓoye kuwa suna danne ƙwayoyin da ke gina ƙashi. Shan su kullum na wata uku ko fiye, ko da ƙaramin adadi ne, ya isa ya ɗaga haɗarin karaya. Wanda ya daɗe yana sha bai kamata ya daina rana ɗaya ba, domin yankewa kwatsam tana da nata haɗarin. Likita ne zai riƙa rage masa a hankali.

Taba sigari da barasa suna raunana ƙashi. Haka rama mai tsanani, da ɗaukewar al'ada kafin shekara 45, da ciwon sukari, da cutar ƙoda, da sikila, da yawan aikin maƙoƙo, da wasu magungunan farfaɗiya. Wanda mahaifiyarsa ko mahaifinsa ya taɓa karya ƙugu yana cikin waɗanda ya kamata su fi sa ido.

Ƙashi yana ƙara ƙwari ne idan ana ɗora masa nauyi. Tafiyar ƙasa, hawan matakala, daka, ɗaukar kaya daidai ƙarfi, duk saƙo ne ga masu gini cewa ana bukatar aikinsu. Gadar masu tafiya a ƙasa ta Ojota, wadda mutane ke ƙorafin tsawon matakalarta, motsa jiki ce kyauta ga mai iya hawa. Al'adar hana tsoho taɓa komai, a ce ya zauna ya huta tunda ya haifa, girmamawa ce da ke iya zama cutarwa idan ta kai ga wuni a kan tabarma, domin tsokar da ba ta aiki ba ta iya tare faɗuwa.

Awo da magani

Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna gautsi sai an riga an rasa kusan kashi 30 cikin 100. Awon da aka dogara da shi ana yin sa ne da wata na'ura mai suna DXA, wadda ke auna kaurin ƙashin ƙugu da na baya a cikin 'yan mintoci, babu allura, babu ciwo. Sakamakon yana kwatanta ƙashin mutum da na matashi lafiyayye. Bisa ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar a 1994, makin da ya sauka zuwa 2.5 ƙasa da sifili ko ya zarce haka shi ne gautsin ƙashi, tsakanin 1 da 2.5 kuma ƙashi ya fara sirancewa. Na'urorin ba su da yawa a Najeriya, akasarinsu a manyan birane suke, kuma a nan mazaunin Legas ya fi ɗan'uwansa na ƙauye dama. Ko babu na'urar, wanda ya haura shekara 50 ya karya ƙugu ko ƙashin baya daga faɗuwar da ba ta wuce tsayuwarsa ba, likita yana iya ɗaukarsa mai gautsin ƙashi ya fara ba shi magani.

Maganin yana nan. Mafi yaɗuwa shi ne Alendronate, ƙwaya ɗaya a mako, wadda ake sha da safe kafin a ci komai, da cikakken kofin ruwa, sannan a zauna a miƙe ko a tsaya na minti 30 ba a kwanta ba, don kada ta ƙona maƙogwaro. Akwai Zoledronate da ake ƙarawa ta jijiya sau ɗaya a shekara, da allurar Denosumab duk wata shida, wadda ba a tsallake lokacinta domin ƙashi yana saurin komawa baya idan aka yanke. Dukkansu suna rage karfin masu rushe ƙashi ne, kuma suna bukatar isasshen kalsiyam da bitamin D kafin su yi aiki. Ƙwayoyin kalsiyam kaɗai, waɗanda ake tallatawa da sunan maganin ƙashi, ba sa maye gurbinsu.

Sauran aikin a gida yake. Karayar tsofaffi da dama tana faruwa ne a 'yan takun da ke tsakanin ɗaki da banɗaki: tayil mai santsi a wurin alwala, gansakuka a bakin famfo da damina, silifas da ya sha ƙasa, duhun da ɗaukewar wuta ke kawowa. Fitila a kusa da shimfiɗa, ƙarfen dafawa a banɗaki, sanda ga mai jiri, da cire yanar ido ga wanda ganinsa ya dushe, suna hana faɗuwar da babu maganin da zai iya hanawa. Mai shan maganin hawan jini ko na barci da ke jin juwa idan ya miƙe ya kamata ya gaya wa likitansa.

Ranar 20 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce Ranar Gautsin Ƙashi ta Duniya, kuma saƙon da masana ke yawan maimaitawa a cikinta ya shafi karayar farko. Wadda ta karya wuyan hannu tana da shekara 55 haɗarin sake karayarta ya kusan ninka na wadda ba ta taɓa yi ba, kuma haɗarin ya fi tsanani a shekara biyun farko. A cikin wannan tazara ce awo da magani suka fi amfani, ko a Igbobi, ko a asibitocin koyarwa na Ikeja da Idi-Araba, ko a babban asibitin da ya fi kusa da gida, inda za a iya tura ta gaba.